Baƙin Hunturu: Daga Bahar Rum Zuwa Fadamar Nguru



Da farko ina neman afuwar malamaina idan na yi tuntuɓe, domin ni ɗalibi ne ɗan shekara ta uku a fannin nazarin halittu, ban kai matsayin da zan tsaya gabansu in yi fashin baƙi ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar ziyarar buɗe ido ta bana. Kwamiti ya kawo mana wurare biyu, watau Abuja da Ikko, kuma na ga alamar zukata sun riga sun karkata wajen manyan kantuna da bakin teku. Ni kuwa ina da wuri na uku, ina roƙon a ba ni aron kunne kafin a ɗaga hannu.

Bari in fara daga inda muke zaune. Sunan wannan unguwa tamu, Kawo, sunan itace ne, itace babba mai inuwa da katako mai ƙwari, wanda makiyaya ke sassabe ganyensa su ba shanu da rani. Ina so wanda ya taɓa ganin itacen kawo tsaye tsakanin tashar mota da kasuwar Talata ya ɗaga hannu. Ga shi, ba kowa. Idan kuka gangara bakin kogi akwai Rafin Guza, amma yaran wurin sai dai su ji guza a baki. Shi kansa birnin, mafi yawan masu bayani sun ce daga jam'in kada aka samo sunansa, watau kadduna, saboda yawansu a kogin tun kafin Turawa su dawo da hedkwatarsu daga Zungeru a 1917. Ni dai kadan farko da na gani a duniya a Ƙofar Gamji na gan shi, kwance cikin kwarmin siminti, kusa da 'yar gadar ƙarfe ta Lugga wadda aka kwance daga Zungeru aka sake kafa ta nan a 1954. Mahaifina ya ɗaga ni sama in leƙa, na yi ta jira ya motsa, bai ko ƙifta ba. Haka kuma ungulu. Iyayenmu sun ce a da ba a yanka a mahauta sai ta cika rufin kwano. Yau an ƙarar da ita da guba da kuma cinikin sassan jikinta wajen masu magani, har a 2015 masana suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

To, ina ɗan Kawo zai je ya ga abin da kakanninsa suka gani? Bisa ƙa'ida bai kamata ya yi nisa ba. Daga shataletalen Mando, idan ka miƙi hanyar Birnin Gwari, da farko za ka wuce gandun dajin Afaka, kana daga baya ka isa Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma an san shi da giwa da gwanki da kanki da gogo, ga faɗuwar ruwa ta Dogon Ruwa. Amma kowa a ɗakin nan ya san abin da ya sa babu wanda ya kawo sunan Kamuku cikin shawara. Shekaru da dama dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A daren 11 ga Maris, 2021 kuwa aka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka aka tafi da ɗalibai 39, ɗalibai irinmu, waɗanda abin da suka je koya shi ne kula da daji, ba a gama sako su ba sai cikin watan Mayu. An yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, har an sake buɗe kasuwar shanu, muna kuma fatan Allah ya ɗorar da shi. Duk da haka ba ni ne zan ce a ɗebi 'yan mata da samari cike da mota a kai su can bana ba.

Yankari na nan a Bauchi, an buɗe shi ga jama'a tun 1962, kuma wanda ya shiga ruwan ɗumi na Wikki ba ya mantawa. Sai dai waɗanda suka gabace mu sun sha zuwa, ba ya bukatar in yi masa talla. Wurin da nake kawo muku shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, kuma lokacin da nake so mu je shi ne tsakiyar hunturu. Dalilina shi ne baƙi. Domin in bayyana ko su wane ne waɗannan baƙi, tilas in ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa, sa'an nan in dawo da ku.

A ƙarshen kudancin Sifen, ƙasar da littattafanmu na tarihi ke kira Andalus, akwai wani lardi mai suna Kadis, wanda gaɓarsa ta taɓa tekun Atlantika ta kuma taɓa Bahar Rum. A can ƙuryar lardin akwai wani ƙaramin gari, Tarifa. Daga nan zuwa gaɓar Maroko bai wuce kilomita 14 ba, watau mutum na tsaye a Turai yana kallon duwatsun Afirka da idonsa. Wannan mashigi shi ne Jibralta, sunan da ya samo asali daga Jabal Ɗariƙ, saboda Ɗariƙu bin Ziyad da ya ƙetare da rundunarsa a shekara ta 711. Kowace shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba, mutane daga Ingila da Jamus da Holan sukan cika masaukan wannan gari. Wasu sukan shiga jirgin ruwa su je kallon manyan kifayen teku. Wasu sukan hau dutsen Jibralta, wanda ke hannun Ingila tun 1713, su biya kuɗi su kalli birai, don su ne kaɗai biran da ke yawo sake a duk nahiyar Turai. Ku yi tunanin manomin Kujama a ce masa ana biyan kuɗi a kalli abin da ya hana shi barci a gonar masara! Amma mafi yawan masu zuwa a wannan lokaci, sama suke kallo. An gina musu rumfuna a kan tuddai, sukan zauna tun safe da madubin hangen nesa da littafi da alƙalami, suna ƙidayar tsuntsaye.

Me ya tara tsuntsaye a nan? Hikimar ita ce wannan. Manyan tsuntsaye masu faɗin fiffike, irin su farar shamuwa ta Turai da shirwa da dangin gaggafa, ba da kaɗa fiffike suke doguwar tafiya ba, domin nauyinsu zai gajiyar da su. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama kamar hayaƙi. Sai tsuntsu ya buɗe fiffike ya shiga cikinta yana kewayawa, ta ɗaga shi can ƙololuwa, kana ya sulalo a hankali har ya tarar da wata. Kun sha ganin shirwa na yin haka a kan Kawo da hantsi. To, ruwan teku ba ya yin zafi irin na ƙasa, saboda haka wannan iska ba ta tashi a kansa. Tsuntsun da ya kuskura ya ratsa tsakiyar Bahar Rum a haka, ruwa zai ci shi. Dole ne su nemi inda teku ya fi ƙunci: na yamma su bi ta Jibralta, na gabas su bi ta mashigin Istambul su gangaro ta Sham da Masar. Shi ya sa dubban ɗaruruwa ke haɗuwa a kan ɗan garin nan kowace kaka. Idan iskar gabas ta taso da ƙarfi sai su yi cirko-cirko a tuddai kwana da kwanaki, ranar da ta lafa su tashi gaba ɗaya. Ba zan wuce wannan mashigi ba sai na tuna mana cewa samarinmu na Afirka ma suna ƙetare shi, ta ɗaya fuskar, cikin kwale-kwalen roba, kuma da yawansu ba su kai gaci.

Ƙananan tsuntsaye da agwagin ruwa kuwa ba su damu da mashigi ba. Su sukan tara kitse a jiki, su tashi da dare, su ratsa teku su ratsa Sahara da ƙarfin fiffike. Tambayar da nake so ku riƙe ita ce, bayan duk wannan wahala, ina suka nufa? Wurinmu suka nufa. Ruwa na farko da tsuntsu zai gani bayan ya gama hamada shi ne fadamun kogin Sanagal, da na kogin Kwara a Mali, da tafkin Chadi, da fadamar Haɗeja da Nguru. Abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi ya kalla na 'yan mintoci yana wucewa ta kansa, mu a gidanmu yake sauka ya yi wata huɗu ko biyar.

Turawa da kansu sun daɗe ba su san haka ba. Akwai zamanin da masanansu ke cewa tsattsewa cikin laka take shiga ta yi barci har sanyi ya wuce. Sai a 1822, kusa da wani ƙauye mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa, aka tarar da dogon makami na Afirka soke a wuyanta. Wani maharbi a wannan nahiya tamu ya harbe ta bai kashe ba, ta tashi da makaminsa ta kai shi Turai. Har yau tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Mu kuwa Hausawa ba mu taɓa bukatar irin wannan shaida ba, don muna da tamu shamuwar, baƙa mai farin ciki, wadda ke zuwa gab da damina ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, idan kaka ta yi ta koma kudancin Afirka. Manomi ya gan ta ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ashe ilimin ƙaurar tsuntsaye ba baƙo ba ne gare mu, rubuta shi ne ba mu yi ba.

Akwai wani abu kuma da ya faru a 1969. Masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ba ta fi gwara girma ba, ta ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Suka duba gonakinsu da dazuzzukansu ba su ga dalili ba. Daga baya aka gane ruwan sama ne ya yi ƙaranci a yankin Sahel a daminar 1968, mafarin babban farin nan da iyayenmu ke ba da labarinsa, wanda ya kai matuƙa a 1973. Watau tun kafin duniya ta ji kukan makiyayan da shanunsu suka ƙare, 'yar tsuntsuwa ta riga ta kai labari Ingila ta hanyar rashin komawarta.

Yanzu mu dawo gida. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are sukan malalo su bazu cikin tuddan rairayi, su yi tafkuna da rafuka birjik, kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai zuwa Chadi. Cikin wannan shimfiɗa akwai Baturiya a ƙasar Haɗeja, da tafkin Nguru, da Dagona a ƙasar Bade, wanda ke ƙarƙashin gandun ƙasa na yankin tafkin Chadi. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona da ƙafarsa a 1989 don ya ga tsuntsayen nan. A shekara ta 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, aka kuma ƙara Dagona da Baturiya a 2008.

Na je can a watan Janairun da ya wuce tare da 'yan ajinmu, kuma gani ya kori ji. Mun shiga kwale-kwale bayan sallar asuba, hazo ya rufe ruwa, sanyi na ratsa ƙashi. Da farko ba mu ga komai ba sai zalɓe ɗaya tsaye kamar an dasa shi. Can sai muka ji fito ta ko'ina, ashe kirinjijiya ce. Da rana ta ɗan ɗago, wani abu ya firgita su, sai ruwan gaba ɗaya ya tashi sama. Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar ba, sai dai in ce kamar saukar ruwan sama a rufin kwano. Malaminmu ya riƙa nuna mana: wannan dinya ce, 'yar gida, wancan mai farin layi a gira agwagwar Turai ce, waɗancan masu dogayen ƙafafu a bakin laka daga can arewacin Rasha suke. Dattijon da ke tuƙa mu ya yi shiru yana saurare, sa'an nan ya sa hannu aljihu ya fito da wani ɗan zoben ƙarfe, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, karanta mini." A ƙafar wata agwagwa da ta faɗa komarsa ya same shi shekarun baya. Akwai lambobi a jiki da rubutun da ba Ingilishi ba. Na ce, "Baba, wani ne ya sa mata a ƙasarsu don ya san inda take zuwa." Ya yi dariya ya ce, "To, a gaya masa ta iso lafiya, mun kuma gode." Ban ga gauraka ko ɗaya ba a wannan tafiya, alhali ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya. Da na tambaye shi, ya ce rabonsa da jin kukanta tun yana saurayi.

Kada in ba ku hoton da ya fi gaskiya kyau. Fadamar nan tana cikin wahala. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a jihar Kano, a kan kogunan da ke ciyar da kogin Haɗeja. A da ruwa yakan cika ya malala da damina, ya janye da rani, manomi ya bi sawunsa da shuka, makiyayi ya bi da shanu, masunci ya kwashi kifi a kududdufai. Da aka tare shi ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai wasu wurare suka bushe, wasu kuma suka daina bushewa sam. A irin waɗannan ne kacalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana kwale-kwale wucewa, ta kuma zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da ke iya share gonar shinkafa cikin yini guda.

Wannan ya kawo ni ga sukar da na san tana zukatan wasunku, don wani abokina ya riga ya faɗa mini ita a tashar Kawo ba tare da sakaya ba. Ya ce kallon tsuntsu aikin wanda ya ƙoshi ne, mutanen da jan baki ya cinye wa hatsi ba su da lokacin sha'awar fiffike. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ban kuma raina ta ba. Amsata ita ce, ruwan da agwagwa ke nema shi ne ruwan da masunci da manomi da makiyayi ke nema. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki sun auna amfanin da ake samu daga ruwan nan idan an bar shi ya malala fadama, na kifi da shinkafa da itacen wuta, suka gwada da amfaninsa idan an karkata shi zuwa noman rani na Kadawa, suka tarar na fadama ya ninka sau da yawa. Ƙidayar tsuntsu awo ne na lafiyar fadama, kamar yadda likita ke taɓa jijiyar hannu.

Akwai kuma misali a maƙwabta. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai garken raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Ba shinge aka yi musu ba, cikin gonakin mutane suke kiwo, har sukan ci wake. Amma da baƙi suka fara zuwa, samarin ƙauyuka suka zama 'yan rakiya suna samun na kansu, aka kuma taimaka wa garuruwan da rijiyoyi da rance, sai kashe raƙumin dawa ya zama asara ga kowa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Sai ranar 9 ga Agusta, 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ɗaya daga cikinsu shugaban 'yan rakiyar ne. Ƙafar Turawa ta ɗauke nan take. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, wurin da ya dogara ga baƙon ƙetare kaɗai, rana ɗaya tak ta isa ta rufe shi. Mutanen Tarifa suna samun Jamusawa, amma 'yan makarantar lardinsu ma ana kai su rumfunan nan. Dagona kuwa, idan ba mu je ba, wa zai je?

Saboda haka ga shawarata, ya Shugaba. Mu tashi daga tashar Kawo da sassafe cikin hutun Disamba ko farkon Janairu, domin daga Maris baƙin sun fara komawa. Mu bi ta Zariya da Kano mu kwana Haɗeja, washegari mu ga Baturiya, kana mu wuce Nguru, garin da layin dogo ya isa tun 1930, daga nan Dagona ba nisa a kan hanyar Gashuwa. A rubuta wa hukumar gandun takarda tun yanzu, a nemi izini da ɗan rakiya, a kuma bi shawararsu game da lafiyar hanya, kada a yi tafiyar dare ko kaɗan. A kai gaisuwa wurin masu unguwanni kafin a taɓa ruwa. Kwale-kwale kada a cika shi fiye da yadda mai shi ya ce, wanda bai iya iyo ba kuma ya faɗa tun a tudu, ba abin kunya ba ne. Kowa ya zo da rigar sanyi da gidan sauro da littafin rubutu, a bar fararen kaya da rediyo a gida. Sashenmu yana da madubin hangen nesa guda biyu, na kuma yi magana da malaminmu, ya yarda zai ba da aro idan ƙungiya ta sa hannu. Kuɗin kwale-kwale da na abinci a biya mutanen wurin hannu da hannu, ba tare da an matse su a ciniki ba. Ni kuma na ɗauki alkawarin tattara sunayen tsuntsayen da muka gani, na Hausa da na Badanci da na Barbarci, daga bakin masunta, in kawo wa wannan mujalla a fitowa ta gaba.

 Ya Shugaba, ina roƙon a sa Nguru cikin wuraren da za a jefa wa ƙuri'a.